Batir Ne Ya Mutu, Ba Waya Ba

Ka san wannan yanayin. Kana tsaye gaban mai shago za ka tura masa kuɗi, waya na nuna caji 34, ka ɗaga kai ka amsa gaisuwa, kafin ka sunkuya ta ɗauke ɗif. Ka danna, ka sake dannawa, shiru. Mai shago na kallonka, kai kana kallon waya. Ko ke da kike sayar da atamfa da turare a WhatsApp, kwastoma ta ce turo hoto yanzu-yanzu, wayar ta ce sai an jona ta. Daga ranar ka zama yaron fawa-bank. Duk inda ka shiga, kafin ka gama sallama idonka na neman soket.

Abin haushin shi ne wayar lafiyarta ƙalau. Sikirin bai fashe ba, kyamara na ɗauka tar, sauti na fita. Abu ɗaya ne ya gaji, batir. Amma da ka faɗa wa abokai, amsar da za ka ji ita ce, "Ai ta tsufa, canja kawai." Canja da me? A wannan marra da farashin sabuwar waya ya haura albashin wata na mutane da yawa?

To yau zancen da za mu yi ke nan. Me ya sa ƙaramin abu ɗaya ke kashe waya guda? Wa ya yanke hukuncin a manne batir da gam? Kuma labarin nan da ake ta yaɗawa cewa daga 2027 kowace waya za ta dawo mai murfi a baya, gaskiya ne ko irin na soshiyal midiya ne?

Zamanin da farce ya isa

Idan kana cikin 'yan ƙasa da shekara ashirin, tambayi yayanka ko babanka. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, batir ba wani abin tashin hankali ba ne. Nokia 3310 da ta fito a 2000, da Nokia 1100 mai tocila da ta biyo baya a 2003, da farce ake buɗe su. Ka zare murfi, ka cire batir, ka sa wani, magana ta ƙare. Akwai wani batirin Nokia mai suna BL-5C da ya shiga wayoyi iri-iri, har ya wuce waya ya koma cikin ƙananan rediyo da sifika. Mutum zai sayi biyu, ɗaya a waya ɗaya a wurin mai caji. Waya ta maƙale? Cire batir ka mayar. Ta faɗa ruwa? Abu na farko, cire batir.

A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone ta farko, batirinta a rufe ciki, mai waya ba ya iya kaiwa gare shi. Da farko sauran kamfanoni har tsokana suke yi. Samsung ya ci gaba da yin manyan wayoyinsa masu murfi har zuwa Galaxy S5 a 2014. A 2015 ya fito da S6, gilashi gaba gilashi baya, batir a manne. Daga nan kowa ya bi sahu. Yau ko wayoyin da aka fi riƙewa a wajenmu, Tecno da Infinix da Redmi da sauransu, akasarinsu haka suke. Sai dai ƙaramar waya mai madannai ce har yanzu ke barinka ka taɓa batirinta.

Batir kamar taya yake

Ga abin da mai sayar da waya ba zai tsaya yi maka bayani ba. Batirin litiyum da ke cikin wayarka da laftof ɗinka abu ne mai ƙarewa, kamar tayar mashin. Duk cajin da ka yi ka sauke, sinadaran cikinsa na ɗan lalacewa, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ana ƙirga rayuwarsa da zagaye. Idan ka ƙona kashi 100 na caji, ko a zama ɗaya ko rabi yau rabi gobe, ka ci zagaye ɗaya. Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da na bayanta an yi su ne su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1000. Yi lissafi da kanka. Mai cajin waya daga ƙasa zuwa sama kullum zai cinye zagaye 500 kafin shekara ɗaya da rabi.

Wannan ma a yanayi mai kyau ke nan. Babban makiyin batir zafi ne. Kamfanin dai ya ce zafin da ya haura digiri 35 na iya raunana batir har abada. Yanzu tuna Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a inuwa. Ƙara da wayar da aka bari gaban gilashin mota. Ƙara da wadda ake caji ana kallon TikTok a lokaci guda, tana cikin kauri-kaurin gida na roba. Ƙara da teburin mai caji inda wayoyi talatin ke kwance kan juna ƙarƙashin rumfar kwano. Ka ga batirin da zai yi wa Bature shekara uku, mu nan da ƙyar ya kai haka.

Shi ya sa wannan magana ta fi shafarmu fiye da waɗanda suka faro ta. Batirinmu ya fi saurin mutuwa, kuma aljihunmu ya fi jin zafin sayen sabuwar waya.

Hujjar kamfanoni, da inda ta yi rauni

Mu yi adalci. Kamfanoni suna da dalilansu, kuma ba duka ne ƙarya ba. Batirin da ake cirewa da hannu yana buƙatar ƙwaƙƙwaran gida na roba don kada ya huje. Idan aka cire gidan aka manne batirin tsirara a ciki, ana samun wuri, waya ta yi siriri ko batir ya ƙara girma. Waya rufaffiya kuma ta fi sauƙin karewa daga ruwa da ƙura. Sannan mu kanmu masu saye muna da laifi. Wa ke shiga shago ya ce a ba shi waya mai kauri? Kowa siririya yake so, mai ƙyalli, wadda za a gani a hoton madubi.

Amma batun ruwa ba hujja ce da ba ta da amsa ba. Ita waccan Galaxy S5 ta 2014 mai murfi tana da matakin kariya na IP67, wato ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Har yau Samsung na yin jerin XCover don masu aikin ƙarfi, batirinsu na fita, kuma suna jure ruwa. Ke nan ana iyawa, in an so.

Ga kuma labarai biyu da ya kamata ka ajiye kusa da juna. A watan Agustan 2007, Nokia ya sanar cewa batiran BL-5C miliyan 46 da wani kamfanin Japan, Matsushita, ya ƙera masa na iya yin zafi fiye da kima lokacin caji. Me aka yi? Aka ce kowa ya duba lambar batirinsa, a aiko masa da sabo. Wayoyin suka zauna a hannun masu su. A 2016 kuwa, Samsung ya fito da Galaxy Note 7, batirinta ya riƙa kamawa da wuta. Tunda a rufe yake ciki, ba yadda za a ce wa mutum cire ka sa wani. Sai da aka janye wayoyi kusan miliyan 2.5 a zagayen farko, waɗanda aka bayar a madadinsu su ma suka riƙa ƙonewa, Amurka ta hana shiga jirgi da ita, cikin wata biyu aka daina ƙera ta gaba ɗaya. Matsala iri ɗaya, amma a wuri ɗaya batir aka canja, a ɗaya kuma waya aka binne.

Ranar da asiri ya tonu

An daɗe ana zargin cewa da zarar sabuwar waya ta fito, tsohuwa sai ta fara jan ƙafa. A Disamban 2017 Apple ya amsa cewa lalle yana rage gudun wasu tsofaffin wayoyinsa, irin su iPhone 6 da 6s da 7, ta hanyar sabunta manhaja. Dalilin da ya bayar shi ne batirin da ya tsufa ba ya iya ba da wutar da waya ke nema lokacin aiki mai nauyi, sai ta ɗauke, don haka aka rage mata gudu don kada ta mutu a hannu. A fannin fasaha, bayanin na da ma'ana. Inda aka yi laifi shi ne ba a faɗa wa mutane ba. Mutum na ganin wayarsa ta yi nauyi, ya ɗauka ta tsufa, ya je ya sayi sabuwa, alhali batir kawai take nema.

Kamfanin ya nemi afuwa, ya sauke kuɗin canja batir daga dala 79 zuwa dala 29 a tsawon 2018. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a Fabrairun 2020, a Amurka kuma ya amince ya biya har dala miliyan 500 don sasanta ƙarar da masu wayoyi suka shigar. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wasiƙar da shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari a Janairun 2019. Cikin dalilan da ya lissafa na raguwar sayen sababbin iPhone, har da cewa mutane sun yi amfani da arahar canja batir. Ka gane? Da aka sauƙaƙa canja batir, mutane suka riƙe wayoyinsu. Ba wani ɗan gwagwarmaya ne ya faɗa ba, mai kayan ne.

Akwai kuma wata dabarar da masu gyara suka fi kowa sani, wato ɗaura kowane sashe da lambar wayar da ya fito ciki. Ka sa wa waya batir mai kyau, amma tunda ba kamfani ne ya sa ba, sai ta riƙa fito da gargaɗin cewa ba ta san wannan sashe ba. Jihar Oregon a Amurka ta yi doka a 2024 da ta haramta amfani da wannan dabara wajen hana gyara.

To, ina gaskiyar maganar 2027?

Ka ga fostin, wataƙila ma ka tura a guruf: "Turai ta tilasta wa Apple da Samsung dawo da batir mai cirewa." Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma gishiri.

Gaskiyar ita ce, ranar 14 ga Yuni 2023 Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta amince da sabuwar dokar batura, ƙuri'a 587 suka goyi baya, 9 suka ƙi, 20 suka yi rowar ƙuri'a. Dokar mai lamba 2023/1542 ta ce daga 18 ga Fabrairu 2027, kayan da ke ɗauke da ƙaramin batir dole a ƙera su yadda mai su zai iya cirewa ya sa wani da kansa. Ta fayyace abin da take nufi: da kayan aikin da kowa zai iya saye a kasuwa, ba tare da hura zafi ba, ba tare da sinadarin narkar da gam ba. Idan sai da wani kayan aiki na musamman, to kamfani ya bayar da shi kyauta tare da kayan. Dole batirin ya kasance ana sayar da shi aƙalla shekara 5 bayan an daina fitar da samfurin, kuma ba a yarda a yi amfani da manhaja a hana batirin da ya dace aiki ba.

Gishirin kuwa kashi biyu ne. Na farko, dokar ba ta ce murfi ya fita da farce ba. Idan da sukundireba za ka buɗe, ya wadatar. Na biyu, wayoyi da tablet suna da tasu dokar daban, mai lamba 2023/1670, wadda ta fara aiki tun 20 ga Yuni 2025, kuma ta bar ƙofa a buɗe. Wayar da ke da kariyar IP67, kuma batirinta ke riƙe kashi 80 bayan zagaye 1000, ba dole ba ne a ƙera ta yadda kai za ka canja a gida. Ya isa a ce ƙwararren mai gyara zai iya. Manyan wayoyi masu tsada ta wannan ƙofa za su bi. Don haka kada ka zauna jiran iPhone mai murfi irin na Nokia.

Duk da haka, wannan doka ta biyu ba ƙaramin abu ta kawo ba. Duk wayar da za a sayar a Turai yanzu, batirinta sai ya jure zagaye 800 yana riƙe da kashi 80. Kayan gyara irin su batir da sikirin sai sun kasance a kasuwa shekara 7 bayan an daina sayar da wayar. Sabunta manhaja aƙalla shekara 5. Sannan akwai takarda da ke nuna makin sauƙin gyara, daga A zuwa E, yadda ake liƙa wa firiji takardar shan wuta. Faransa ce ta fara irin wannan tun Janairun 2021, da maki bisa 10.

Za ka ce, to mu ina ruwanmu da dokar Turai? Duba ƙasan wayarka. Tarayyar Turai ce ta ce kowace waya ta koma cazar USB-C daga 28 ga Disamba 2024. Apple bai tsaya yin iPhone ɗaya don Turai wata don sauran duniya ba, ya sauya duka tun daga iPhone 15 a 2023. Kamfani ba ya son ƙera abu iri biyu. An ma fara ganin alamu: a iPhone 16 an sa wani irin gam da ke sakin batir idan aka jona masa wutar ƙaramin batir mai bolt 9. Kamfanin HMD ya fito da Nokia G22 a 2023 wadda aka tsara don mai ita ya canja batir cikin 'yan mintuna. Fairphone na ƙasar Holan kuwa tun asali sana'arsa ke nan, batirin Fairphone 5 da hannu ake cire shi. Ga kuma wayoyin hannu da muke kira 'yan Landan, waɗanda daga can suke zuwa. Abin da aka gyara a can, bayan shekara biyu ko uku yana kan tebur a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja.

Sai dai a kula. Wayar da aka ƙera don kasuwar Afirka kaɗai, dokar Turai ba ta hau kanta ba. Wannan gyaran ba wanda zai yi mana shi daga Brussels.

Laftof ma bai tsira ba

Ɗalibai, wannan naku ne. Tsofaffin HP da Dell da ThinkPad da ake sayowa na hannu, da yawansu batirin a baya yake, ka ja sakata biyu ya faɗo. Daga baya aka mayar da shi ciki. A 2012 Apple ya fito da MacBook Pro mai sikirin Retina, batir a manne da gam, ma'ajiyar aiki ta RAM a narke jikin allo, ba ƙari ba ragi. Shafin iFixit, wanda ke farke na'urori yana ba su makin gyara, ya ba shi 1 bisa 10. Surface Laptop na Microsoft na 2017 ya ci sifili, don ba a buɗe shi sai an lalata shi.

Labari mai daɗi shi ne, yawancin laftof da batirinsu ke ciki ba gam ba ne, noti ne. Ka kwance na ƙasa, ka ɗaga murfi, ka zare waya ɗaya, ka kwance noti uku ko huɗu, shi ke nan. Wani kamfanin Amurka mai suna Framework ya fito a 2021 da laftof da ake haɗo maka da sukundireba a kwali, kowane sashe na fita. Microsoft ɗin ma ya gyara hali a sababbin samfuransa. Matsin lamba na aiki.

Idan Windows kake amfani da shi, buɗe wurin rubuta umarni ka sa powercfg /batteryreport. Zai fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yau. Kafin ka biya kuɗin laftof na hannu, yi wannan a gaban mai shago. Minti biyu ne.

Ina gawar take zuwa?

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, akasari daga Turai, kuma wani kaso mai yawa matattu ne tun kafin a sauke su. A Agbogbloshie ta birnin Accra, kafin a rushe wurin a 2021, matasa ne, da yawansu 'yan arewacin Ghana, ke ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙin. A ɗaya ƙarshen kuma, kusan kashi 70 na ma'adinin kobalt da ake sa wa batura daga Kwango ake haƙo shi. Daga Afirka ake ɗiba, Afirka ake dawo wa da shara. Duk wayar da ka ƙara wa shekara biyu da sabon batir, ka rage ɗaya a wannan layi.

Abin da ke hannunka yau

Kafin ka sayi waya, kada ka tsaya kan kyamara da girman ma'ajiya. Tambayi nawa ne batirinta, ana samun na asali a garinku, kuma wa ke canjawa. Mafi kyau ma, kafin ka je wurin mai sayarwa, biya ta wurin mai gyara ka tambaye shi wace waya ce ba ta ba shi wahala. Shi ya san cikinsu.

Idan 'yar Landan za ka saya, shiga saiti ka duba lafiyar batir da tarihin sassan da aka canja. Kuma kada kashi 100 ya ruɗe ka a wayar da ta shekara huɗu. Akwai masu taɓa lambar ta nuna abin da ba shi ba ne. Ka nemi a ba ka kwana biyu na gwaji.

Wadda ke hannunka kuwa, raba ta da zafi. Kada ka yi caji ƙarƙashin filo. Cire mata gida in za ka jona ta da rana. Bar buga gem tana caji. Kada ka riƙa barinta ta mutu ɗif kafin ka jona, batirin litiyum ya fi son zama tsakanin 20 da 80. Wayoyi da laftof da yawa yanzu suna da saitin tsayar da caji a 80 ko 85, kunna shi in wutar unguwarku ta ba ka dama. In ba ta ba ka ba, cika abinka, ba laifi, amma ka kiyaye zafin. Cazar ɗari biyar ta bakin titi kuwa, araha ba ta ado.

Idan ka ga bayan waya ya ɗago, ko sikirin ya fara rabuwa da jiki, ko wurin taɓawa na laftof ya kumburo, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take. Kada ka danne shi, kada ka huda shi da allura wai iska ta fita, yadda wasu ke nunawa a bidiyo. Wuta ce za ta tashi, irin wadda ba ta kashuwa da sauƙi. Kashe na'urar ka kai wurin gyara.

Ranar da za ka kai gyara, kwafe hotunanka da lambobinka tukuna, cire layi da katin ajiya, fita daga manhajojin banki. Canja batir ba ya buƙatar a ba da lambar sirri, in ana son gwadawa kai ka buɗe da hannunka. 'Yan'uwa mata, wannan ku riƙe shi da kyau. Tsaya a yi a gabanka in da hali, ka ga batirin da za a sa, ka tambayi garantin kwana nawa ne. Batirin da aka rubuta masa ƙarfin da ya ninka na asali alhali girmansu ɗaya, ƙarya ce aka buga a takarda. Tsohon kuma kada ka jefa shi a bola inda ake cinna wuta, bar shi wurin mai gyara.

Saura magana ɗaya

A Turai sai da aka yi shekaru ana faɗa kafin a ce mutum na da haƙƙin gyara abin da ya saya da kuɗinsa. Mu nan gyara ba sabon abu ba ne, shi muka tashi muka tarar. Zaga kasuwar waya ka ga yara matasa da ƙaramin tebur da fitila da abin narkar da dalma, suna tayar da wayar da a wata ƙasa shara za a jefa ta. Hannu muna da shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan gyara na asali a farashin da ya dace, da bayanan gyara daga kamfanoni, da dokar da za ta ce wanda ya sayar mana da waya ya ajiye mana batirinta na wasu shekaru.

Muna da hukumomin da abin ya shafa. NCC ce ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar da shi a Najeriya. SON ke kula da ingancin kaya. FCCPC ke kare haƙƙin mai saye. NESREA ke kula da sharar lantarki. Dukkansu suna da shafuka a inda kake wuni. Kamfanonin wayar ma haka, kullum suna tallar sabon samfuri suna neman a yi sharhi. To yi sharhin. Tambaye su nawa ne batirin, shekara nawa za a riƙa samunsa, kuma a ina. Idan mutum ɗaya ya tambaya, za a share. Idan tambayar ta cika ƙarƙashin kowace talla, wani a ofis zai kai ta gaba.

Kafin nan, ɗauko waccan wayar da ka jefa a durowa don ba ta riƙe caji. Duba ko ta kumbura. In ba ta kumbura ba, kai ta a tambayar maka kuɗin batir gobe. Wataƙila ƙaninka da ke ta roƙon waya ya samu ke nan.